Kwanon da Na Ware wa Babanku

Sabo, Ibadan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba, bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sauke ku lafiya, ya tsare muku hanya tun daga tashar Ojoo har ƙofar gidan baffanka a Funtuwa, ya kare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum. Na ce wa ƙanwarka Balki kada ta miƙa maka takardar nan sai mota ta cika an rufe ƙofa, don na san halinka. In a gida ka karanta, sunkuyar da kai za ka yi ka ce "to, Umma", ka fice, magana ta mutu a nan. Ni ma ba gwanar zance da kai ba ce. Kai ne na fari, kuma yadda aka rene mu uwa ba ta tasa ɗan fari a gaba da doguwar magana. Shekara ashirin da bakwai muna gida ɗaya, amma in aka tara abin da na faɗa maka baki da baki, da ƙyar ya cika shafi biyu. Saboda haka ka yi haƙuri da tsawon wannan.

Shekaranjiya ina wanke farar rigarka na ci karo da katin magani a aljihu. Ban nemi kowa ya karanta mini ba. Shekara tara ke nan ina ɓare irinsa ina miƙa wa babanku kowace safiya: maganin hawan jini ne. Na zauna a bakin rijiya da rigar a cinyata har kumfar wankin ta kwanta. Ban gaya wa kowa ba, ban kuma yi fushi don ka ɓoye mini ba, gado ka yi, shi ma ɓoyewar ya yi. Amma ga azumi ya ƙarato, Sallah na biye da shi, kuma ita ce ta farko da za ka yi ba a gabana ba, a gidan da za a tarbe ka da soye-soye saboda ana ƙaunarka. Irin wannan ƙaunar tana cikin abin da ya kwantar da babanku, kuma da hannuna aka yi. Zan gaya maka inda na ɓata, wuri-wuri, don kada ka bi ta nan.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan, masaukin fataken goro ne kamar yadda ka tashi ka gani. Duk ƙaramar Sallah akwai waɗanda kayansu ba su haɗu ba, ba su samu komawa Arewa ba, sai su yi Sallarsu a zaurenmu. Mutum goma, goma sha biyu, su zagaye babban tire ɗaya da babanku. Sallata ta farko kakarku Hajiya Babba ta kira ni ɗakinta ta ce, "Mutanen nan za su koma garuruwansu su ba da labarinki. Kada a ce an ci miyarki an tashi da hannu a bushe." Na riƙe maganar nan kamar karatun allo. Kaji takwas ake yanka mini. In tafasa su, in tsame, in jefa a man gyaɗa har su yi ja, sannan in kwashe in zuba a miyar da ita ma mai ya kwanta a kanta kusan kaurin yatsa biyu. Man da ya rage in juye a gwangwani, mu yi ta girki da shi har ya yi baƙi. Gishiri da dunƙule kuwa ba na aunawa, hannu ne ke zubawa.

Akwai wani abokin wasan babanku, Alhaji Ɗanjuma, mutumin Gusau, wanda kusan kowace shekara Sallah ke riskarsa a nan. Shi ya taɓa cewa sai da ya wanke hannu da sabulu sau biyu bayan ya ci miyata. Da maganar ta iso cikin gida, kwana uku ina tafiya ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Maƙwabciyarmu Iya Sikira, wadda take sayar da kayan miya a bakin titin Mokola, ta leƙo wata jajiberen Sallah ta tarar da ni a gaban kasko. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ha, Iya Abba, ororo ti po ju. Man nan ya yi yawa o. Wanka za ki yi wa kazan?" Na yi dariya na ce ta je ta ji da manjanta. To kai ma ka san Ibadan: ranar da Bayarabiya ta ce maka man miyarka ya yi yawa, ya kamata ka tsaya ka duba tukunyarka. Ni ban tsaya ba.

Darasin farko ke nan. Matar baffanka, Gwaggo Talatu, hannunta a sake yake, kuma za ta so a ce ɗan Ibadan ya yi ƙiba a gidanta. Za ta tula maka cinyoyi suna ɗigar mai, tana tsaye tana kallo ko za ka cinye. Ka gode mata da zuciya ɗaya, don da gaske take son ka, kamar yadda ni ma da gaske nake son babanku. Amma ka sani ana iya cutar da mutum da zuciya fara tas, ni shaida ce.

Kuskure na biyu ya fi na farko ciwo, don a lokacin na riga na sani. Babanku ya yi ta fama da ciwon kai da jiri, yana cewa rana ce, har aka matsa masa ya je asibiti. Likita ya ce jininsa ya hau, ya ba shi magani, ya ce a rage mai da gishiri. Wata biyu ya yi bai faɗa ba, sai da takardar ta faɗo daga hularsa. Ni kuma da na ji, sai na ɗauki abin kamar an zagi girkina. Da Sallah ta zo na yi suyata yadda na saba don baƙi, shi kuma na yanki ƙirjin kaza na tafasa a tsurar ruwa, ba gishiri ba yaji ba albasa, fari fat kamar sabulun wanki. Na zuba a ɗan kwanon samira mai murfi, na aika zaure aka ajiye a gefensa, a gaban maza goma sha ɗaya.

Ina tsakar gida na jiyo muryar Alhaji Ɗanjuma: "Alhaji, wannan ɗan kwanon fa? Yaye ka Hajiya take yi?" Zaure ya ɗauki dariya, har da babanku. Daga baya aka dawo mini da kwanon ko murfinsa ba a ɗaga ba. Ya ture shi gefe ya sa hannu a tire, ya ci fiye da yadda ya saba, don kowa ya ga lafiyarsa ƙalau. Haka muka yi Sallah uku. Kwanon ya je, kwanon ya dawo.

Ban fahimci abin da na yi ba sai da ƙyar. Mutumin da baƙi ke sauka a hannunsa, shi ke shiga tsakaninsu da masu goro, maganarsa ce ke ɗaure ciniki, na ɗauki ciwonsa na rufe da murfi na ajiye a gaban jama'a. Wane namiji ne zai buɗe? Na bar masa zaɓi tsakanin lafiyarsa da mutuncinsa, ya zaɓi mutunci, kuma kai ma na san abin da za ka zaɓa, don kunyarka ta fi tasa.

Ga wanda ban taɓa gaya wa kowa ba sai babanku. Duk lokacin da kwanon ya dawo a rufe, wani gefe na zuciyata daɗi yake ji, wai miyata ce ta fi ƙarfinsa. Na ga ya ajiye maganin asibiti ya koma shan zoɓo da tafarnuwa saboda wani ya ce masa sun isa, na yi shiru, na ce shi babba ne ya san abin da yake yi. Ban so a ce matarsa ta fiye baki. Na nemi gafarar Allah a kan shirun nan, na nemi ta babanku, yau kuma ga shi na faɗa maka. In ka yi aure, matar da za ta dame ka da "ka sha maganinka?" kada ka ce ta fiye surutu, ka riƙe ta da kyau.

Rana ta biyu ga Sallah ce abin ya faru, bayan an kira azahar. Babanku yana tsugune yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa na hagu. Ya miƙa zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya ɗago zai kira ni, na ga bakinsa ya karkace. Kana wajen yawon Sallah da abokanka, sai a asibiti ka same mu. Ni da fatake biyu muka cusa shi a keke, kansa a kafaɗata, titi cike da mutane cikin sababbin kaya ana ta barka da Sallah. Wata nas ta tambaye ni abin da yake ci da ko yana shan magani. Da na faɗa mata gaskiya, ta dube ni ta ce, "Madam, you wan kill am?" Turancina bai da yawa, amma na gane tambayata take ko kashe shi nake son yi.

Likita bai ce kaza ce kaɗai ba. Ya lissafa barin magani, da gishiri, da mai, da nauyin jiki. Ya ɗaga hoton kan babanku ga haske ya nuna mini wani ɗan tabo, ya ce wata jijiya ce a nan ta samu matsala, siririya, ba ta kai zaren ɗinki kauri ba. Abba, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Mutumin da ke ɗaga huhun goro shi kaɗai ya aza a mota, muryarsa daga zaure ana ji a masallaci, ashe duk ƙarfin nan a kan zare yake rataye. Hannu, ƙafa, harshe, kowanne da zarensa, kuma shekara hamsin suna aiki dare da rana ba wanda ya taɓa ce musu sannu. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ƙera wannan jiki. Na tsaya a gaban hoton nan tsoro da mamaki sun hana ni kuka.

Iya Sikira ce ta fara kawo mana romo asibiti. Na buɗe kular na ga ruwa garai-garai ba ɗigon mai, na ce a raina wannan ai kwanona ne ya biyo mu. Sai ƙamshin ya buge ni. Na ɗanɗana, na sake ɗanɗanawa. Ta ce, "E pele, sannu, Iya Abba. Kin gani? Kaza tana da nata daɗi, ke ce kike rufe mata baki." Da muka dawo gida ta zo ta tsaya a kaina a madafa ta nuna mini. Da ta cire fatar kaza ɗaya da kitsen cikinta, ta sa a kasko ba komai, suka narke suka ba da mai kusan rabin kofin shayi. Muka bar shi ya huce ya daskare. Na riƙe kofin ina kallo, ina tuna kaji takwas, da man suya a kansu, da na miya a kan wancan.

Ga yadda ake yi, ka adana takardar don wannan wurin. Ka samu kazar gida in da hali. Bayan an yanka, ka zare fatar gaba ɗaya kamar kana tuɓe mata riga, ka yanke rawayan kitsen da ke ciki da na wajen gindi, ka wanke da lemon tsami. Ka daka citta da tafarnuwa da masoro, kanumfari uku, kimba ɗaya, attarugu gwargwadon bakinka. Albasa kada ka yi mata rowa, kai da za ka zauna a Arewa cikin masu noman albasa. Ka zuba duka a tukunya da naman, kada ka sa ruwa tukuna, ka rufe a kan wuta kaɗan. Ka ba ta ɗan lokaci ka buɗe, za ka ga ikon Allah: tukunyar da ka rufe a bushe ta kawo ruwa da kanta, naman yana dahuwa a cikin nasa romon. Ranar da na fara gani sai da na kira Balki ta zo ta duba. Sannan ka ƙara ruwan zafi, ɗan daddawa, gishiri abin da yatsa uku suka ɗauka don tukunyar duka. Dunƙule ka bar shi a shago. In mai ya taso ka yaɗe shi da cokali. Ka bari ta dahu har jikin ƙashi ba ja, ka watsa ɗaɗɗoya da karas da kabeji ko zogale, ka sauke suna da sauran ƙarfinsu. Da ɗan tuwo malmala ɗaya ko dafaffen dankali, ya ishe ka buɗa-baki, ka tashi jiki ba nauyi ka tsaya sallah.

Shekara goma sha tara ina dafa kaza, sai ranar na san ɗanɗanonta. Citta daban, masoro daban, zaƙin albasa daban, naman kansa da wani garɗi da ban taɓa ji ba. Duk Allah ya ajiye su a wurin tun farko, ni ce nake bi ina binne su da mai. Na ji kunya, na kuma ji wani irin farin ciki da ban san yadda zan kwatanta maka ba.

Gashi ma haka. Ka tsaga kazar ta baje, ka tsattsaga naman, ka mulke da lemon tsami da wancan dakan, ka rufe a inuwa kamar awa ɗaya. Gawayi ka bari ya ci har ya yi farin toka, ba harshen wuta. Ka aza a waya kana juyawa, in ta nemi bushewa ka yayyafa ruwan yajin. Kada ka shafa mai irin na masu tsiren bakin titi, yajinsu ma kada ka saya, gishiri ne rabinsa. Ka yanka kabeji da tumatir da albasa su fi naman yawa a faranti.

Da Sallah ta zagayo, babanku ya fara takawa da sanda, magana tana fita ɗaya-ɗaya. Na yanke shawara ba zan ɗora kasko ba, kuma ba kwanon da zai je zaure daban. Kaji huɗu na yi farfesu, huɗu na gasa, na jera a tire ɗaya da ganye. Na aika zaure. Na je na laɓe a bayan labulen da ke tsakanin zaure da tsakar gida, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni.

Aka ajiye tiren a tsakiyarsu. Sai Alhaji Ɗanjuma ya ce, "Alhaji, man gyaɗa ne ya yi wuya a Ibadan bana?" Aka ɗan yi dariya. Na ji babanku yana haɗa magana, ka san yadda take yi masa wuya a lokacin. Da ƙyar ya ce, "Haka... muke ci... a gidan nan." Aka hau ci. Sai ƙarar ƙashi da kurɓar romo, can wani ya ce a miƙo masa ludayi. Na leƙa ta gefen labule na ga hannun babanku na dama a cikin tire tare da hannuwan maza, ba wanda ke kallonsa, ba wanda ke tausaya masa, mai gida ne kawai yana cin abinci da baƙinsa. A nan kukan da ban yi a asibiti ba ya zo mini. Tiren ya dawo ba ko ganyen kabeji.

Da la'asar, bayan an watse, na ji sallama a bakin labule. Alhaji Ɗanjuma ne, ya rage murya. Ya ce, "Hajiya, ki faɗa mini yadda kika yi abin nan, in kai wa iyali." Sannan ya ce, "Ni ma shekara biyu ke nan da likita ya gaya mini jinina ya hau. Ban faɗa wa kowa ba." Na faɗa masa yadda ake yi. Mutumin da ya yi dariyar kwanon, ashe da ciwon a jikinsa yake zaune a bakin tire, yana cin abin da ya san yana cutar da shi don kada a gane. Allah kaɗai ya san nawa ne irinsa a zauren nan cikin shekarun da na yi ina suya.

Saboda haka ga abin da nake so ka yi. Ranar da ka sauka, kafin azumi ya kama, ka samu baffanka da Gwaggo Talatu ka gaya musu da bakinka. Kunyar minti biyar ce. In ta ce za ta riƙa ware maka naka, ka ce a'a cikin ladabi, don na san ƙarshen kwanon da aka ware. Ranar Sallah ka sayo kajinka, ka hura gawayi a ƙofar gida, ka gasa wa gidan duka. Ba abin kunya ba ne ga ɗan Sabo, unguwar da maza ne ke tsaye a kan wuta tun daga farkon titi har ƙarshensa. Za su tsokane ka, su ce ɗan Yarabawa ya zo da sabon salo. Ka bar su su yi, bakin da ke taunawa ba ya daɗewa yana tsokana. Maganinka kuma kada ka ajiye shi don ka ji sauƙi, abinci ba ya maye gurbinsa. Ka nemi likita a can ka tambaye shi yadda za ka sha da azumi, ka riƙa zuwa ana auna ka.

Babanku bai san da ciwonka ba tukuna. Ban ga dalilin da zai ji daga bakina ba, naka ne. Ka kira shi ka faɗa masa, ba wanda zai fahimce ka kamarsa.

Ka gaida baffanka da Gwaggo Talatu da yaran gidan. Allah ya yi maka albarka, ya sa albarka a nemanka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya nuna mana azumi da Sallah lafiya. Ban roƙe ka dukiya ba, ban roƙe ka gida ba. Abu ɗaya nake roƙon Allah a kanka: ranar da tawa ta zo, ka shigo Sabo da ƙafafunka biyu, ka kama makarata da hannuwanka biyu.

Wassalamu alaikum.

Ummanku.